Ƙarin Wa'adi ga Kamfanonin Wuta: Wa Ke Biyan Kuɗin Jinkirin?

A ranar 31 ga Maris, 2025, ana gobe wa'adi zai cika, ministan muhalli na Afirka ta Kudu na lokacin, Dion George, ya sanar da cewa ya ɗaga wa Eskom ƙafa. Eskom shi ne kamfanin gwamnati da ke ba ƙasar mafi yawan wutar lantarkinta. Tashoshinsa takwas masu ƙona kwal za su ci gaba da aiki ba tare da sun cika dukkan ƙa'idojin hayaƙi ba: shida har zuwa Afrilun 2030, biyu kuma, Duvha da Matla, har 2034, shekarar da dama aka tsara rufe su. Ƙa'idojin ba na jiya ba ne. Tun 2010 aka fitar da su, aka ce tsofaffin tashoshi su cika matakin farko a 2015, mataki na biyu mai tsauri kuma a 2020. Ke nan jaririn da aka haifa a shekarar da aka kafa su zai kai shekara 20 kafin a sake tambayar kamfanin ko ya shirya.

In aka kai labarin nan majalisun Kano, daga Fagge har Gwale, ba za a daɗe ba za a yanke hukunci: a ƙyale su mana, su da suke da wutar ma. Ban ga laifin mai faɗin haka ba. Mutanen da suka ga watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya biyo baya, Arewa ta kwashe kwanaki a duhu, ba sai an yi musu bayanin tsadar rashin wuta ba. Mai ƙanƙara ya tafka asara, mai walda ya rufe shago, mai injin markaɗe ya ƙara kuɗi, cajin waya ma sai da ya yi tsada. Wanda ya ɗanɗana wannan, in ka ce ya zaɓa tsakanin duhu da hayaƙi, hayaƙin zai ɗauka, har ya sa maka albarka.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda aka yi zaɓin ya rage saura biyu. A nawa ganin, ƙara wa kamfani lokaci ba laifi ba ne. Akwai ranar da shi ne hankali. Ɓarnar tana cikin ƙarin lokacin da ba a ɗaura masa komai ba, ba kwangila, ba tara mai ciwo, ba mai leƙawa ya ga ina aka kwana. Irin wannan jinkirin shi da kansa yake haifar da dalilan da za a kafa hujja da su a nemi wani jinkirin.

Kwal yana ɗauke da farar wuta. In an ƙona shi sai ta fita a iska mai shaƙe maƙogwaro, wadda masana ke rubutawa SO2. A sama takan gauraya da danshi da wasu sinadarai ta koma ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ƙwayarta ta fi silin gashi sirantaka wajen sau 30. Hanci ba ya tare ta. Tana zarcewa can cikin huhu, iska kuma na iya kai ta ɗaruruwan kilomita. Ita ce ke tayar da asma, ta tsananta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga toka, ga kuma zaiba, wadda kan sauka a ruwa ta taru a jikin kifi ta taɓa ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. Maganin farar wutar sananne ne. Wata babbar hasumiya ake ginawa a bi da hayaƙin ta cikinta, ana fesa masa ruwan da aka dama da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa. Ruwan ya kama fiye da kashi 90 cikin 100 na gubar, abin da ya rage ya zama jifsam, wanda ake zubawa a siminti, ake kuma yin silin na POP da irinsa. Jamus ta Yamma ta kafa dokar tilasta wannan a 1983, lokacin da dazuzzukanta ke bushewa saboda ruwan sama mai tsami, kuma zuwa 1988 manyan tashoshinta na kwal sun saka. Shekara biyar.

To me ya sa wasu suka kasa a shekara 15? Hujjojin kamfanin suna da ƙwari, bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Eskom ya ce cika ƙa'idojin gaba ɗaya zai lashe fiye da rand (kuɗin ƙasar) biliyan 300, alhali bashin da ke kansa ya kai wajen rand biliyan 400, har sai da gwamnati ta ɗauke masa biliyan 254 a 2023. Na'urar tana shan ruwa mai yawa, wasu tashoshin kuma a yankin fari suke. Tana cin wani ɓangare na wutar da tashar ke samarwa. Kafin a jona ta dole a kashe injin na wani lokaci, a ƙasar da a 2023 ta yi fiye da kwana 300 ana rabon wuta unguwa-unguwa. Sai hujja mafi nauyi: tashar da aka gina tun shekarun 1970 ko 1980, saura 'yan shekaru a rufe ta, wane mai hankali ne zai zuba mata biliyoyi?

A kan wannan hujja ta ƙarshe ya kamata a tsaya. A 2010 tashar da za a rufe a 2034 tana da sauran shekara 24 a gaba, lokacin da ya ishe ta ta mayar da kuɗin kowace na'ura. A 2015, da aka ba da ɗagin farko na shekara biyar, saura 19. A 2025 saura tara, kuma yanzu kam gaskiya ne, kuɗin ba zai fita ba. Hujjar da ba ta da ƙarfi a farko, jira ne ya ba ta ƙarfi. Haka maganar kashe inji: lokacin da ake da rarar wuta ba a yi aikin ba, da wuta ta yi ƙaranci sai aka ce babu halin kashewa. Akwai kuma lissafin da duk akawun kamfani ya sani. Kuɗin da ba ka kashe bana ba, ka tsira da ruwan bashinsa na shekara guda. In aikin na biliyoyi ne, wannan tsiran kaɗai ya fi kuɗin lauyoyi da masana da za su rubuta takardar roƙon jinkiri nesa ba kusa ba. Kuma in kamfanoni da yawa suka makara tare, masu ƙera na'urar ba za su iya biya wa kowa buƙata a lokaci guda ba, sai ƙarancin kayan aiki ya zama sabuwar hujja. Wanda ya yi biyayya da wuri ya kashe kuɗinsa, shi ne ya zama wawa a idon abokan sana'arsa, kuma gobe ba zai sake ba.

Ƙarƙashin duk wannan akwai abin da kowa ya sani amma ba a rubuta shi a takarda. Hukuma za ta iya garƙame gidan burodi ko masana'antar roba, gari ya kwana lafiya. Ba za ta iya garƙame tashar da ke ba miliyoyin mutane wuta ba, kuma kamfanin ya san haka. Barazanar rufewa, wadda ita ce babban makamin doka, a nan ba ta da kaifi. In kuma gwamnati ce mai kamfanin, to ministan muhalli da ministan makamashi a tebur guda suke zama, zaɓe guda ne a gabansu, kuma talaka ya fi saurin jin haushin ɗaukewar wuta fiye da tarin da ya addabi ɗansa, wanda ba zai taɓa alaƙanta shi da wani bututu mai nisan kilomita 80 ba. A 2020 ma ba a tsaya ga ɗaga rana ba, mizanin aka sassauta: iyakar SO2 da aka tsara a kan miligiram 500 a kowace kyubik-mita ta hayaƙi aka ninka ta zuwa 1,000.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya fi kowa fahimtar bambancin da nake nufi. Mutum biyu ne suka karɓi kaya bashi, ranar biya ta zo. Na farko ya zo da rabin kuɗin, ya nuna sauran kayan da ba su fita ba, ya ce a ba shi zuwa bayan Sallah, ya kawo wanda zai tsaya masa. Na biyu ya zo hannu rabbana, da labari mai daɗi, karo na huɗu ke nan. Dukansu lokaci suke nema, amma babu maigidan da zai yi musu hukunci iri ɗaya.

Eskom kansa ya ba da misalin kowanne. A Oktoban 2022 wani ɓangare na bututun hayaƙin tashar Kusile ya rufta, injina uku suka tsaya, wajen megawat 2,100 suka fita daga layi ana tsakiyar matsalar wuta. Kusile ce tashar Eskom ɗaya tilo mai na'urar tace farar wuta. Kamfanin ya nemi a bar shi ya kafa bututai na wucin gadi da za su tsallake na'urar har a gama gyara. A 2023 ministar muhalli ta lokacin, Barbara Creecy, ta buɗe masa hanya, aka sa ƙarshen Maris na 2025 a matsayin iyaka. Ƙungiyoyin kare muhalli sun yi ƙorafi, kuma ƙorafinsu yana kan hanya, domin mutanen yankin sun shaƙi abin da bai kamata su shaƙa ba. Duk da haka an san abin da ya lalace, an san aikin da za a yi, ana ganin ma'aikata a wurin, kuma a 2025 aka mayar da injinan kan bututun da aka gyara. Wannan shi ne mai bashin farko.

Medupi kuwa labarinta daban. A 2010 Bankin Duniya ya ba Eskom rancen dala biliyan 3.75, mafi yawansa don gina wannan tasha mai wajen megawat 4,800 a lardin Limpopo, bisa sharaɗin a saka na'urar tace hayaƙi cikin shekara shida bayan kowane inji ya fara aiki. Injin farko ya fara a 2015. An ɗaga ranar zuwa 2025, aka sake ɗagawa zuwa 2027, sannan Medupi ta shiga jerin waɗanda aka ba har 2030. A nan ba za a ce tasha ta tsufa ba, sabuwa ce dal, injinta na ƙarshe a 2021 ya shiga aiki. Da an gina na'urar tare da tashar tun farko, kamar yadda aka yi a Kusile, da an huta da yawancin wahalar jona ta daga baya.

Indiya ta bi sahu da sauri. A Disambar 2015 ta ba tashoshin kwal shekara biyu. Aka ɗaga zuwa 2022, aka kasa tashoshin gida uku a 2021 kowane da ranarsa, aka ƙara lokaci a 2022, aka sake ƙarawa a ƙarshen 2024, sai a Yulin 2025 aka cire wa mafi yawansu wajabcin gaba ɗaya. Ɗagi bayan ɗagi har dokar ta narke.

Inda abin ya yi aiki, sirrinsa ba wani tsananin kishin muhalli ba ne, lissafi ne. A gyaran dokar tsaftar iska ta Amurka na 1990, an ba kowace tasha adadin tan na SO2 da za ta iya fitarwa, aka bar su su sayi rara a hannun juna. Wanda ya zarce abin da yake da shi, tarar dala 2,000 ce a kan kowane tan, tana hawa da hauhawar farashi, ba sai an je kotu ba, kuma a zaftare masa daidai abin da ya zarce daga rabonsa na baɗi. A shekarun 1990 farashin sayen izinin tan guda yawanci bai wuce dala 200 ba. An kuma liƙa ma'auni a bakin kowane bututu yana ƙirga abin da ke fita dare da rana. Karya doka ya fi bin ta tsada sau goma, shi ya sa kusan ba a samu mai karyawa ba. Dokar zaiba ta 2012 ma ta zo da ƙofar jinkiri, amma ƙarama: shekara uku ga kowa, ƙarin shekara guda ga wanda ya nuna yana kan aikin saka na'ura, wata shekarar kuma ga tashar da aka tabbatar rufe ta zai jefa yanki a duhu. Lokacin da Kotun Ƙoli ta ga laifin dokar a 2015 kan rashin duba tsadarta tun farko, yawancin kamfanonin sun riga sun kashe kuɗin, kuma zaibar da tashoshin ke fitarwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a 'yan shekaru. Sai dai Amurkar ma ba tsarkakakkiya ba ce. A Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya yi amfani da wani sashe na dokar da ke ba shugaban ƙasa damar yafewa saboda tsaron ƙasa, ya ba gomman tashoshin kwal ƙarin shekara biyu kan sabon mataki na dokar zaiba, daga 2027 zuwa 2029, bayan hukumar muhallinsu ta buɗe adireshin imel ta ce mai so ya aiko.

Kada mu yi ta leƙen gidan wasu. A fagen ɗaga wa'adi, ƙasarmu ba ta da na biyu, kuma abin ya shafi wutar Kano kai tsaye. Dokar 1979 ta haramta ƙona iskar gas da ke fitowa tare da ɗanyen mai daga ranar 1 ga Janairu, 1984. Amma dokar ta bar taga: minista zai iya ba kamfani takardar izinin ci gaba da ƙonawa in ya biya wani abu. Abin da aka yanka shi ne kobo 2 a kan kowane kyubik-fit 1,000. A 1990 ya koma kobo 50, a 1998 naira 10. Ga kamfanin da ke sayar da mai da dala, wannan ba tara ba ce, kuɗin shiga ne mai rahusa, kuma an daɗe kamfanoni suna lissafa shi cikin kuɗin gudanarwa suna cire shi daga abin da za a caje su haraji. A Nuwambar 2005 Babbar Kotun Tarayya a Benin, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar da Shell da NNPC a madadin al'ummar Iwherekan ta jihar Delta, ta ce ƙona gas ya saɓa wa 'yancin rayuwa da tsarin mulki ya tanada. Wutar ba ta mutu ba. Aka sa 2008, ta wuce. Aka sa 2020, ta wuce. Yanzu 2030 ake magana. Sai a 2018 aka mayar da tarar dala 2 ga manyan masu haƙa, senti 50 ga ƙanana, dokar man fetur ta 2021 kuma ta hana a cire ta daga haraji. Shekara 34 da 37 ke nan bayan ranar farko.

Gaskiya ne ƙonawar ta ragu da fiye da rabi in aka kwatanta da farkon shekarun 2000. Amma babban abin da ya rage ta shi ne gas ya samu mai saye, musamman bayan kamfanin NLNG na Bonny ya fara fitar da shi waje a 1999. Da ƙonawa ta zama asarar kuɗi, sai aka samu fasaha da jarin da a da ake cewa babu.

Ga inda maganar duhu ko hayaƙi ta rushe a wurinmu. Mafi yawan wutar da ke kan layin ƙasa daga tashoshin gas take, kuma kukan da suka fi yi shi ne rashin isasshen gas da bashin da ba a biya ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000, abin da bai fi ƙarfin Medupi ita kaɗai da wani abin kirki ba. Shekara 40 ana ɗaga wa masu ƙona gas ƙafa, mutanen Neja Delta sun sha hayaƙi, mu a ƙarshen layi, daga Kumbotso zuwa cikin gari, mun sha duhu. Duhun kuma ya kawo nasa hayaƙin. Duk wanda ya shiga Farm Centre ko Ƙofar Wambai da rana tsaka ya san ƙarar janareto da ƙaurinsu, balle in hunturu ya zo, hazo ya danne hayaƙin ƙasa-ƙasa daidai hancin masu wucewa. Man da suke sha ma yana da nasa tarihin. A Disambar 2016, lokacin Amina Mohammed tana ministar muhalli, Najeriya da wasu maƙwabta suka yi alkawarin rage farar wutar da ke cikin man dizal da ake shigowa da shi, daga 3,000 cikin miliyan da dokarmu ta yarda da shi zuwa 50, daga Yulin 2017. Ghana ta aiwatar a shekarar. Mu ranar ta zo ta wuce salin-alin.

A cikin birnin nan ma muna da namu, ko da yake ba na wuta ba ne. Kamfanonin jima da na rini a Challawa da Sharada da Bompai sun daɗe suna sakin ruwan da ya haɗa da sinadarin kuromiyam zuwa rafin Salanta da kogin Challawa, da kuma Getsi da Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da ake kawowa kasuwa. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masana'antun fata da saƙa a 2009. Wanda ya bi ta wajen ya ga launin ruwan, ya ji warinsa, zai iya yanke wa kansa hukuncin inda aka kwana. Hujjar masu masana'antar ita ce ta Eskom, da ɗan bambancin kaya: wuta ba ta tsayawa, dizal ya yi tsada, injin tace ruwa yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, in an matsa za mu rufe, ma'aikata su koma gida. A garin da ya ga masaƙu da yawa sun mutu, wannan magana tana da nauyi, kuma kowane gwamna yana jin ta. Amma in masana'anta guda ba za ta iya ba, akwai hanyar da aka sani: kowa ya yi tacewar farko a harabarsa, a haɗa sauran a matata ɗaya ta bai-ɗaya, a raba kuɗin gwargwadon ruwan da kowa ya saki. Jinkirin da aka ɗaura da wannan, da rana da kuɗin ajiya, abin karɓa ne. Wanda ake bayarwa ta hanyar kawar da kai, ba takarda ba rana, shi ne mafi muni, domin ko ranar da za a ce an saɓa babu.

Kuɗin da kamfani ya tsira da shi ba ɓacewa yake yi ba, wani ne ke biya. Wani masani ɗan Ingila, Mike Holland, ya ƙiyasta a 2017 cewa hayaƙin tashoshin kwal na Eskom yana jawo mutuwar mutum 2,239 a kowace shekara. Ana iya jayayya da adadin, kuma an yi, domin ƙiyasi ne da aka gina a kan yawan hayaƙi da yawan jama'a da abin da aka sani na cututtuka. Babu takardar asibitin da za a rubuta sunan kamfani a gurbin sanadin mutuwa. Nan rashin daidaiton yake: rand biliyan 300 adadi ne guda a kan takarda guda, da shugabanni masu kare shi, ɗaya ɓangaren kuwa ya warwatsu a gidaje dubbai, kuɗin maganin shaƙa, ranar aikin da aka rasa, yaron da bai je makaranta ba. A Maris na 2022 Babbar Kotun Pretoria, a ƙarar da ƙungiyoyin groundWork da Vukani suka shigar, ta yanke cewa gurɓatacciyar iskar yankin Highveld, inda yawancin tashoshin suke, ta keta sashe na 24 na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya ba kowa 'yancin muhallin da ba ya cutar da lafiya. Wataƙila shi ya sa ɗagin 2025 ya zo da sharuɗɗa irin su bayyana alƙaluman hayaƙi ga jama'a da duba lafiyar mazauna yankin. Ci gaba ne, amma motar asibiti ba ta rage ko tan guda na abin da ke fita daga bututu.

Akwai wani ɓangare da masu fafutukar muhalli kan yi shiru a kansa, kuma bai kamata ba. Na'urar kuɗi ce, kuɗin kuma daga takardar biyan wuta zai fito. In hukumar da ke yanka farashi ta hana kamfani ya mayar da abin da ya kashe, hukumar muhalli kuma ta ce dole ya kashe, to an haɗa shi da aikin da ba zai yiwu ba, kuma jinkiri zai nema. Mu da muka ga yadda aka tayar da jijiyar wuya a Afrilun 2024, da aka kai farashin 'yan rukunin A naira 225 a kan kowane yunit, mun san ƙarin ko sisi ba wasa ba ne. Sai dai gara a faɗa wa mutane gaskiya, ga abin da tsaftar za ta ƙara a kan yunit, ga abin da rashinta ke ci a asibiti, su yi gardama a kan lambobi biyu, maimakon a nuna musu guda ɗaya.

Dalilin da ya sa wannan ya zama maganar Kano ta yau shi ne abubuwa biyu da ke tafe. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu su kula da kasuwar wuta a cikin iyakokinsu. Jihar da ke da nata aikin wuta a Tiga da Challawa, in ta zama kuma ita ce mai sa ido, za ta tsinci kanta a kujerar gwamnatin Afirka ta Kudu, mai kaya kuma alƙali. Na biyu, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020 (shi ma an sha ɗaga ranar kammala shi), an tsara zai ciyar da tashar wuta da masana'antu a nan. Gas ya fi kwal tsafta ƙwarai, kusan ba shi da farar wuta ko toka. Amma yana fitar da iskar naitirojin-oksaid mai ƙona huhu, bututu mai yoyo kuma yana sakin gas ɗin kansa, wanda ke ɗumama duniya fiye da hayaƙin da ake gudu. Injin da ke rage wannan, da ma'aunin da za a liƙa a bakin bututu, ƙaramin kaso ne na kuɗin gini in an sa su a zanen farko.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi rahoto kafin a fara babban aiki irin wannan, kuma bisa tsarin ma'aikatar muhalli ta tarayya ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi magana, yawanci a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa. A wannan ɗan tsakanin kamfani bai riƙe wutar kowa ba tukuna, kuma shi ke neman sa hannu. A nan ne malaman Jami'ar Bayero, ƙungiyar injiniyoyi, likitocin ƙirji da masu unguwannin da ke kusa za su iya neman a rubuta iyakar hayaƙi da lamba, a wajabta buga alƙaluman ma'auni inda kowa zai gani, a kuma rubuta tun yanzu sau nawa za a iya neman ƙarin lokaci, da nawa za a biya a kan kowane wata na jinkiri.